Rasuwar 'Yar Bulo, Abokiyar Zaman Baba Tsoho

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kellu, a madadin gidanmu da ke cikin rumfunan bakin gudron, wato titin kwalta, yamma da Diffa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'Yar Bulo, ƙaramar na'urar wasan nan mai launin toka wadda kuka saba gani a hannun mahaifinmu, Baba Tsoho. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a kan tabarma, cikin hayaƙi ɗan kaɗan da warin ƙonanniyar roba.

Ba mu san shekarunta ba. Daga kasuwar Damasak ta zo gidanmu, tun lokacin da mutum ke ƙetare kogin Komadugu da safe ya dawo da cefane. Ranar da muka bar ƙauye an bar galma, an bar injin ban ruwa, amma ita ta fito a ƙasan tukunya, kuma har yau ba wanda ya ce shi ya sa ta.

Marigayiya ba ta da yawan buƙata. Pil biyu, ƙananan batura, take ci, su kai ta wata. Aikinta ɗaya ne: bulo na faɗowa daga sama, kana jera shi, layi in ya cika sai ya ɓace ta ce tirrit. In gini ya kai rufi sai ta ce tiii-tuuu, a koma farko, ba ta taɓa yi wa kowa gori ba. Baba, wanda ya yi rayuwarsa cikin kunyoyin tattasai, ya fara da kiranta shirmen 'yan lakkol, yaran boko. Daga baya ya karɓa don ya gani. Tun daga ranar ya zauna. Waɗanda suka san yadda muka sha da shi a shekararmu ta farko a nan, kullum yana haɗa ƙunshi zai koma gona, sun san abin da zaman nan yake nufi. Kudu da hanya, ta wajen gonaki, wanda aka hanga ba a tambayarsa suna kafin a harba.

Ciwon ajali ya faro daga ido. Gilashinta ya soma zane-zane, rabin bulo na faɗowa ba a gani. Na kai ta wurin Grema mai gyaran salula a kasuwar Diffa. Ya buɗe cikinta, ya ce rabonsa da irinta tun yana da gashi. Ya ajiye mini zaɓi. Akwai tsohon gilashi da ya ciro daga wata 'yar uwarta da ta riga mu, yana da baƙin tabo a gefe, amma jininsu ɗaya. Akwai sabo mai fitila, wanda ba don ita aka yi shi ba, sai an yi dabara ya zauna. Na asali kuwa yana Maiduguri, in na san mai zuwa.

Na dawo gida na saurari kowa. Zainab maƙwabciyarmu ta ce tsoho da tsoho ake haɗawa, kada a sa wa tsohuwa idon budurwa. Ƙanena Bukar ya ce Zainab ko rediyo ba ta iya kamawa, yaushe ta zama injiniya. Na yi kwanaki ina juyawa. Da na tuna yadda Baba ke kai ta bakin hanci kafin ya gani, sai na ce a sa mai fitila.

Ta dawo da haske, har mutane na zuwa kallo. Sai dai ta dawo da ci. Pil ɗin wata ya koma na yini. Mun shanya su a rana, mun ciccije su, ba su ƙara komai ba. Nan Bukar ya shigo da taimako. Shi ɗan kabu-kabu ne kafin a hana babur, kuma har yau nasa na nan bayan rumfa lulluɓe da tabarma. Batirin ne bai yarda ya mutu ba, yana kai shi caji wurin masu sola, wai kada ranar da aka ɗage doka ta same shi ba shiri. Ya ce abin da ke ɗaukar mutum biyu da buhun tattasai ba zai kasa ciyar da 'yar wannan ba. Ya jona waya biyu. Marigayiya ta yi wani haske da ba mu taɓa gani ba, ta ce tii, ba ta kai ga tuuu ba.

Grema ya duba ya ce zuciyar ce ta ƙone, kuma ita ba a samun ta a wannan gefen kogi. Ba mu riƙe Bukar da komai ba. Shi ne dai ya daina cin abinci tare da mu.

Ta rasu ta bar sabon gilashi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da murfin baya wanda aka ɗaure da roba. Da pil masu shaidar haƙora. Da Baba Tsoho, wanda tun Laraba yake tambaya ko kogi ya ja baya, yana cewa lokacin dashe na wucewa. Jiya sojoji ne suka dawo mana da shi daga bayan bariya, shingen binciken da ke kan hanya. Sun yi mana mutunci. Sun kuma ce ba kullum su ne ke wurin ba.

Game da jana'iza: an yi mata sutura da tsohon kallabina, tana cikin kwanon sha a ƙarƙashin kayana. Ba za a rufe ta ba tukuna, domin mun ce wa Baba tana kwance ne wurin Grema. Duk mai irinta a gida, mai rai ko gawa, ya taimaka ya kai wa Grema, amma a naɗe wayoyinta kafin a iso wurin bincike, kada a zata bam ne.

Za a zauna karɓar gaisuwa a rumfarmu kullum, daga hantsi har kafin dokar hana fita. Ba uku, ba bakwai, ba arba'in, sai abin da Allah ya yi. Muna roƙo a riƙa zuwa bi da bi don kada tabarmar Baba ta zama ba kowa. Kada a ce masa ya haƙuri. A yi hirar komai ban da kogi da tattasai. Kuma don Allah kowa ya shigo da takalminsa a hannu ya zauna a kai. Na Baba mun ɓoye, amma shi in ya tashi tafiya ba ya zaɓen lambar takalmi.