Ƙofar Zamani Da Kumburarren Kuncina

Jama'a, duk wanda ya bi ta bakin babbar kasuwarmu jiya da safe, ya ga wani magidanci mai furfura a tsaye yana kumbura kunci yana zare wa ƙarfe ido, don Allah ya daina yaɗa cewa na zare. Ni ne, kuma da hankalina garau. Lemon tsami ne a bakina, shagon da na gada a wurin mahaifina nake ƙoƙarin cetowa.

Bari in faro muku daga tushe. Sana'ata sayar da kwaɗo da yankan makulli. A kan teburin da mahaifina ya goge makullai har katakon ya lotsa, a nan ni ma nake goge nawa. Tsohuwar ƙofar kasuwar nan ma, kwaɗon da ke jikinta a shagonmu aka saya, makullin kuma yana rataye a wuyan wani tsoho da muke kira Baba Mai Gadi. Ba zan yi muku ƙarya in ce waliyyi ne ba. Rabin yini barci yake, sauran rabin yana faɗa da 'yan dako. Amma in ya yi barci ana tashinsa, in ya yi fushi ana ba shi haƙuri, in ka aske gemu sai ya dube ka ya ce, "Kai kuma wa ya fige ka?" sannan ya buɗe maka.

Ana nan sai aka kafa mana Kwamitin Zamanantar da Kasuwa. Shugabansa, Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya yi tafiya ƙasar waje ya ga ƙofa mai gane fuskar mutum, ya dawo ya rantse ba za a bar mu a baya ba. Kasuwar da kwatarta ta toshe tun gashina yana baƙi, wadda in an yi ruwa sai ka naɗe wando kafin ka kai layin masu takalma, ita ce ba za a bari a baya ba. Aka sallami Baba, aka kafa ƙarfe mai juyawa, da allo, da kyamara mai 'yar hular kwano a kanta don kare ta daga rana. Ranar buɗewa aka yi jawabi har masu tafi suka gaji, aka ce daga yau ɓarawo ya shiga uku. Su ɓarayin, da yake ba a gayyace su taron ba, har gobe ta inda katangar baya ta rushe suke shigowa.

Aka ce kowane mai shago ya zo a ɗauki fuskarsa, rana ɗaya tak, don injiniyan yana sauri. To, ku da kuka san ƙaddara, ranar ta zo daidai da ranar da haƙorina ya tayar mini da bori. Kuncina na dama ya yi suntum kamar na ɓoye ƙwai a ciki, idon wajen har ya ƙanƙance. Da layi ya zo kaina na ce wa injiniyan, "Ɗana, ka ga ba haka nake kullum ba fa."

Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Wannan na'urar ta fi ni da kai basira. Ƙashi take gani, ba ruwanta da tsoka."

Ya danna, ya ce na gaba.

Aka cire haƙori, kunci ya sace, uwargida ta ce alhamdulillahi mijinta ya dawo. Washegari na yi wanka na shafa mai, na tsaya gaban ƙofa da fuskar da Allah ya ba ni. Sai jan haske ya kama, wata murya mai sanyi ta mace ta ce, "Ba a san ka ba." Ni da aka yaye ni a ƙarƙashin teburin shagon nan! Na matsa, na ja baya, na cire hula, na mayar, ita dai maganarta ɗaya ce.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Maƙwabcina Tela yana cikin hamma aka ɗauke shi, don haka kullum sai ya wangame baki ake buɗe masa, ya zama yana sa duk layin hamma da sassafe. Wannan abin dariya ne, mun kuma yi. Amma akwai mai sayar da tukwane ta layin bayanmu, wadda aka ɗauka a makon da mijinta ya rasu. Ƙofa ba ta san ta ba sai tana kuka. Kowace safiya baiwar Allah sai ta tsaya gefe ta tuno shi, idonta ya cika, sannan ta matso a ce mata barka da zuwa. Ranar da na fara ganin haka dariyar ta fita daga raina, na ji kunya kamar ni na kafa ƙofar.

Ni dai na samo dabarata. In ɗan dako ya ɗauko katifa, sai in manne a bayansa mu juya tare, in shige. Na ɗauka na yi wayo, ashe an yi ba a yi ba. Ran nan ina cikin yanka wa wata mata makulli sai ga Sakataren Kwamiti, ya ja kujerata ya zauna, ya gyara tabarau.

Ya ce, "Malam, mun lura ka daina zuwa kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a shagona kake, kujerata ce a ƙarƙashinka, ni ne kuma nake maka magana."

Ya ce, "Ni na gan ka. Amma ni ba hujja ba ne. Ƙofa ce hujja, kuma ba ta gan ka ba. Doka ta ce shagon da ƙofa ta yi wata guda ba ta ga mai shi ba, an yi watsi da shi ke nan, sai a ba wa mai buƙata."

Na ce to a sake ɗaukar fuskata mana. Ya ce ai injiniya ya tafi ƙaro ilimi, kuma shi kaɗai ya san lambar sirrin. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce sai ilimin ya ƙaru.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai buƙatar da ake faɗi ashe surukin Mai Girma ne, wani dogo mai ƙamshin turare da yake son buɗe shagon rigunan waya. Tun daga ranar ya riƙa zagayowa yana auna mini bango da ido. Har ya shigo ya sayi kwaɗo a wurina, wanda zai garƙame shagon da shi in an ba shi, yana kuma neman ragi. Na sayar masa. Sana'a sana'a ce, sai dai na zaɓo masa wanda na san bakinsa yana sarƙewa.

A gaskiya tsoro ya kama ni. Shagon nan ba wani babba ba ne, in mutum biyu suka shigo na uku sai ya tsaya a waje. Amma da shi aka ciyar da ni, da shi nake ciyar da nawa, kuma lotsawar nan ta kan tebur ita kaɗai ce abin da ya rage mini na hannun mahaifina. Na kasa tunanin ranar da za a fitar da teburin a jera rigunan waya masu hoton fure a wurinsa.

Tela ne ya ce, "Maƙwabci, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Tunda kumburi take so, ka ba ta kumburi."

Daga nan gidana ya koma wurin gwaji. Uwargida ta zauna a gabana da faranti, ita ce alƙali. Na cusa auduga, ta ce ya yi laushi. Na sa dafaffen ƙwai, ya fashe tun kafin in kai titi. Na sa tumatir, na isa ƙofa jan ruwa yana bin haɓata, har wata mata ta yi salati ta ce an doke ni. Duk wanda na kai, ƙofa ta ce ba a san ni ba. Uwargida ta ce, "Wancan kumburin fa har ido ya taɓa. Naka na yanzu na ƙarya ne, ko ni ba zan buɗe maka ba."

To jiya watan ya cika. Na zaɓo lemon tsami mafi girma a faranti, na cusa, na fito. Na tarar da Sakatare a bakin ƙofa, ga suruki a gefensa yana karkaɗa kwaɗon da na sayar masa. Tela ya yi hammarsa ya shige, ya tsaya daga ciki yana yi mini alamar in ƙara turawa. Na tsaya, na ƙanƙance ido, tsami yana tsirga mini har ƙwaƙwalwa. Hasken ya yi rawaya, kamar ƙofar tana tunani. Na ƙara matsowa. Sai ya koma ja.

"Ba a san ka ba."

Suruki ya yi murmushi, Sakatare ya dubi agogo. Ni kuwa na tofar da lemon, raina ya gama ɓaci. Ku 'yan zamani ba za ku gane ba, amma mu da muka tashi da rediyo mai batir da talabijin mai ƙusumbi, ilimin gyaranmu ɗaya ne: in abu ya ƙi aiki, a mare shi. Haka mahaifina yake yi wa rediyonsa, kuma rediyon bai taɓa ƙin jin magana ba. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na ɗaga shi na zabga wa hular kwanon nan ta kan kyamara mari, ji kake ɓam!

Abin da ban sani ba, tun ranar yanka kirtani ba wanda ya sake leƙa ƙarƙashin hular, don kuɗin kula da na'urar sun bi injiniya ƙaro ilimi. Rina ta samu inuwa, ta yi gida, ta tara iyali. Suka fito a fusace. Sakatare ya yar da tabarau ya ranta a na kare, suruki ya bi bayansa turare yana tashi, ita kuwa babbarsu ta nufo ni kai tsaye ta harbe ni a kuncin dama, daidai inda haƙorin yake da.

Jama'a, na ga taurari da rana tsaka. Na dafe ƙarfe ina salati, hawaye yana zuba, ina jin fatar tana miƙewa tana ɗaukar zafi, idon yana rufewa a hankali. Tela yana ihu daga ciki, "Kar ka shafa komai! Kar ka shafa! Ɗago kai!" Na ɗago.

Haske ya yi kore. Muryar nan ta ce, "Barka da zuwa."

Wallahi tun da uwata ta rasu ba a yi mini barka da zuwan da ya shiga raina kamar wannan ba. Na juya ƙarfe na shige, na buɗe shagona, na zauna a gaban teburin mahaifina da ido ɗaya. Can da hantsi suruki ya dawo da kwaɗonsa wai in karɓa. Na nuna masa rubutun da ke bango, kayan da aka saya ba a dawowa da su.

Don haka ina miƙa kokon barata ga Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, Allah ya ja zamaninsa. Na ji ana shirin kafa ƙaramin kwamiti da zai ba da kwangilar feshin maganin ƙwari a ƙofar. Ranka ya daɗe, a taimaka a bar rinar nan baiwar Allah. A duk ma'aikatan ƙofar nan, ita kaɗai aka taɓa samu a bakin aiki da sassafe, ita kaɗai ta warware matsalar talaka ba ta ce ya dawo gobe ba. In da hali ma a ba ta lambar yabo, a kuma nemo wata dabarar da za ta hutar da mai tukwane, don ita nata ba na kunci ba ne.

Yau kumburin ya fara sacewa, injiniya kuma har yanzu ilimin bai gama ƙaruwa ba. Kafin wata ya sake cika dole in koma in kai marin. Uwargida ta ce ba ta hana ni ba, amma in tabbatar kuncin dama na juya wa rinar, don ba ta da ƙarfin jinyar ɓangare biyu.