Furfurar Siminti

Ranar bikin Yaya Hadiza na rantse gashina sai ya fi na kowa cika a hoton amarya. Na tsefe kitso, na ari na'urar busar da gashi ta maƙwabciyarmu, na labta mai, na yi ta hurawa har kaina ya koma kamar rumbun gero.

Inna ta ce, "Ke, ɗaura kallabi. Kin san ƙurar hanyar Malbaza."

Na ce, "Haba Inna, wa ke rufe wannan arziki?"

Na hau babur ɗin kabu-kabu ina ɗaga kai kamar matar gwamna. Motar siminti ta wuce mu, farar ƙura ta tashi, man kaina ya kame ta kaf.

Ban sani ba. Na shiga gidan biki ina taku, mata suka yi tsit. Na ɗauka kyau ne ya ruɗe su. Sai wata tsohuwa ta matsa mini kan tabarma: "Zo huta, tsarata."

Hoton dai na shiga, kuma ba wadda ta kai ni cika. Sallah mai zuwa zan sake gwadawa. Amma har yau ƙannena durƙusawa suke yi: "Kaka, ina kwana? Yaya ciwon gwiwa?"