Binne a Masussuka

Kafin Masussuka ya zama gari, fako ne kawai a gindin wata tsamiya, inda zabi da jakuna ke haɗuwa da kaka su sussuke gero. Masu sussuka suka jawo masu awo, masu awo suka jawo kasuwar Laraba, kasuwa ta jawo rumfuna da rumbuna. Da labari ya kai birni, Zaki ya ce wuri mai albarka irin wannan bai kamata a bar shi ba mai kula ba. Ya mai da shi hedikwatar gunduma, ya aiko da allo mai fenti aka kafa a bakin hanya, ya aiko da Kura ta zama hakimi. Tun daga ranar, garin da ke noma hatsi ya koma hannun waɗanda ba sa cin hatsi, amma ba a taɓa ganin masu son sa kamarsu ba.

Abu guda ne haraji bai taɓa hawa kansa ba: damin iri. Kowace kaka, kowane gida zai zaɓo zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure, a rataye a tsamiyar. Ko yunwa ta kai ana cin tafasa, ba mai taɓawa sai ruwan shuka ya sauka. Mai tsaron irin ita ce Iya Tabawa, wata tsohuwar zabuwa mai kaifin baki, wadda wuyanta ya gama tsigewa amma muryarta na nan daram.

A bazarar da abin ya faru, damina ta yi nawa, rumbuna sun yi ƙasa, sai ga shela cewa a taru a gindin tsamiya. Dila, kakakin fada, ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'ar Masussuka! Wakilin Zaki na tafe, zai duba ko garin nan ya cancanci ci gaba da riƙe hedikwata, ko a mayar da ita Tudun Ƙaya. Ku tuna, kakan mai girma hakimi ne ya sari garin nan da farcensa, lokacin ba kowa sai iska."

Tabawa ta yi tsaki. Kakarta ta sussuka gero a nan tun Kura na bin juji.

"Babban baƙo sai babbar liyafa," in ji Dila. "Liyafa sai raguna masu ƙiba, raguna kuwa sai hatsi. Saboda haka majalisa ta ga dacewar a aro damin iri a yi kiwo da shi. Aro ne, jama'a, ba ƙwace ba."

Rago Ɗanlami, wakilin talakawa a majalisa, wanda wuyansa ya riga ya yi ninki uku, shi ya fara tashi ya goyi baya. Ya ce bai taɓa jin shawara mai hangen nesa irin wannan ba. Kura ta dube shi da ƙauna, ta haɗiye yawu.

Tabawa ta fito fili. "Ranka ya daɗe, in raguna sun cinye iri, wakili ya cinye raguna, mu me za mu zuba a rami?"

"Iya, za a kawo muku iri na zamani daga birni," in ji Dila.

"Yaushe? Wanda aka ce za a kawo bara ma yana hanya, ko jakin ne ya ɓata?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kura ta buga ƙafa. "Gobe da hantsi a sauke dami. Majalisa ta tashi."

Taro ya watse, ya bar Tabawa tana kallon dammunan suna lilo. Tsoro ya kama ta, ba ta ɓoye wa kanta ba. Jaki Na-Allah, maƙwabcinta, ya matso.

"Iya, mu ɓoye shi mana."

"A ina? Dila ya san kowane rami a garin nan, rabinsu shi ya haƙa." Ta dubi gonaki, ta ce, "Binne za mu yi."

Na-Allah ya ja da baya. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a bar shi ya jira. In ruwa ya sauka da ƙarfi, an riga kowa. In yayyafi ya yi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, shekara ta tafi.

"Iya, ko gajimare babu fa."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. A ƙasa wataƙila ya mutu. A cikin rago kuwa babu wataƙila."

Ba su yi a ɓoye ba. Gari na wayewa suka sauke dammuna da kansu, jakuna suka kwasa, shanu suka yi gaba suna sara, zabi da kaji na biye suna zubawa suna rufewa da ƙafa. Da hantsi Kura ta iso da 'yan majalisa, ta tarar da igiyoyi kawai a tsamiya. Ta bi sawu har gona, tana huci.

"Ina iri?"

"Ga shi nan kina taka shi, ranki ya daɗe," in ji Tabawa. "Ba a hana aro ba. A tona."

Dila ya gwada. Ya yi ta yaƙushin ƙasa har ya samo ƙwaya biyu da ƙura cike da hanci. Kowa a wurin ya san masu iya tsince gero daga cikin rairayi zabi ne kaɗai, sana'arsu ce tun kaka da kakanni.

"Ke da danginki za ku tone shi," in ji Kura. "Umarni ne."

Tabawa ta waiwaya. Zabi sun jeru a kan kunya, cikkuna a shafe, abinci na ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba wadda ta sunkuyar da baki.

"Ba za mu tone ba."

"To, ku sani hedikwata ta bar garin nan! Allon ma za a cire!"

"A cire, ranki ya daɗe. Tun da aka kafa shi nake zagaya shi, ban ga ya fitar da zangarniya ba."

Wakilin Zaki ya zo, aka yi masa liyafa da abin da ya samu, wato Ɗanlami. Bai ƙoshi ba. Kafin Laraba ta zagayo an tumɓuke allo, fada ta yi ƙaura zuwa Tudun Ƙaya, inda aka ce tuni Dila ya gano cewa can ma kakan Kura ne ya sari garin.

Ruwa dai bai zo ba. Rana na dukan gonaki, sama fes. Kullum Tabawa na tsaye a kan kunya, ga yunwa, ta san inda kowace ƙwaya take kwance, taku ɗaya tsakaninsu. Wani lokaci ƙafarta kan ɗaga da kanta za ta yi tono. Sai ta mayar da ita, ta danne ƙasar da kyau, ta juya fuska gabas.