Ranar da Na Kai Mata Tara Kallon Ƙwallo

Duk wanda ya manna sanarwa a bango, lokacinta ya wuce bai ɓare ta ba, ya zalunce ni, kuma ban yafe ba.

Sai da na haura arba'in na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, har aka naɗa ni shugabar aji. To, ana gobe Babbar Sallah na tsaya a bakin kasuwar Azare na karance wata takarda tas, babu gargada: sabon fim a gidan kallo, washegarin Sallah, ƙarfe huɗu, mata zalla.

Hajiya Yagana, 'yar ajinmu, ta ce, "Yaya, a tambayi mai gidan kallon mana."

Na ce, "Ni na wuce tambaya, Hajiya. Da idona na karanta."

Muka yi anko, muka sha lalle, mu goma a keke napep uku, sai gidan kallon. Ni ce a gaba. Na ɗaga labule na rangaɗa sallama, sai ga maza maƙil, ana ta ihun ƙwallo. Ihun ya tsaya cak, kamar rafali ya busa usur.

Mai gidan ya sosa ƙeya. "Hajiya, ai waccan takardar tun ta Ƙaramar Sallah ce."

Yagana ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Shugaba, su wa muke goyon baya?"

Kafin magariba sunana ya koma Rafali a unguwa, kuma har yau jikokina ma da shi suke kirana. Da gari ya waye na koma kasuwa na sayi usur, na rataya a wuya. Yanzu duk wadda ta yi surutu a aji, busa ɗaya ta ishe ta.