Ɗakin Ƙarshe a Kwalin Abatcha

Laminu yana kan keken ɗinki yana kafa wa wata riga aljihu, wayarsa ta yi ƙara. Kaltum ce, matar Abatcha, daga Damagaram. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce, "Tela, sai haƙuri. Abokin wasanka ya cika ɗazu bayan azahar." Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keken. Ya yi salati, ya ajiye wayar cikin ƙyallaye. Kuka bai zo masa a lokacin ba. Idonsa ne ya sauka a kan kwalin da ke jingine a bango.

Abatcha Babarbare ne, mutumin Baroua, rikici ya koro shi Diffa shekarun baya. Laminu kuwa Bafulatani ne daga Foulatari. Tun da suka san juna ba su taɓa gaisawa babu zagi ba, kamar yadda kakanninsu suka bar musu gado. Abatcha ne ya kawo wani wasa da ya gani a waya: ya zana gidan aljanu na ƙarƙashin ƙasa a kan kwali, ɗaki bayan ɗaki, kowa ya ɗauki marfin kwalba ya zama jaruminsa, a jefa ƙwayar ludo, shi kuma yana faɗa musu abin da suka tarar. Duk Juma'a bayan la'asar su biyar, da abokansu uku, suke zama a ƙofar shagon Laminu. Gwanintar Abatcha ita ce tarkon rufa-ido, inda abin da ka gani ba shi ne a wurin ba.

Mako uku da suka wuce, wata Laraba da hantsi, ya shigo da kwalin a hammata, yana takawa a hankali.

"Ina gajiya, bawan gidanmu? Ka ci tuwo yau, ko har yanzu kewar saniya ta hana ka?"

"Lafiya lau, mai ƙaurin banda. Tun kana kasuwar tattasai ƙudaje suka kawo mini labarinka. Zauna, amma ba a kan shaddar mutane ba."

Abatcha ya zauna a benci, ya shimfiɗa kwalin a cinya. "Na zo gwada sabon tarko. Ana gwada dafi a jikin jaki kafin a kai shi daji."

"To ga ka ai, ka gwada a jikinka."

"Ɗaki na bakwai. Kun shiga, sai ga wata farar saniya kwance, mai ƙaho kamar baka, babu makiyayi. Ƙarƙashinta rami ne gaba goma. Domin danginka na yi shi. Ko ƙwaya ba sai an jefa ba, da kanka za ka ruga."

"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ina alamar? Kai ka kafa doka cewa duk rufa-ido sai an bar masa alama guda, in ba haka ba zalunci ne."

"Ba ta da inuwa."

Laminu ya kwashe da dariya har almakashi ya faɗi. "Inuwa a ƙarƙashin ƙasa? Wace rana ce za ta haska ta? Wanda ya girma cikin kifi ina ya san saniya. Bar mata inuwarta, ka hana ta tuƙa. Saniyar da ke kwance bakinta a tsaye, ko dai ba saniya ba ce, ko kuma ba ta da lafiya."

Abatcha ya ciro biro ya rubuta a gefen ɗakin. "Ko agogon da ya tsaya yakan yi daidai sau biyu a wuni. Na karɓa."

"Ni ma ina da tarkon Babarbare. Tulin banda a tsakiyar ɗaki, da jan tattasai a gefe."

"Alamarsa fa?"

"Asarar alama. Ko an rubuta 'rami' da manyan baƙaƙe, sai ka faɗa, ka kuma kira ƙannenka."

"Allah ya shirye ka, ɗan bawa. Kakana ya sayi kakanka da kan kifi guda, har ya ce an cuce shi."

Laminu ya ajiye rigar da ke hannunsa, ya juyo da kujerarsa sosai.

"Akwai wani tarkon da ka ɗana, ba a kan kwali ba. Shi ma ka bar masa alama."

"Wanne?"

"Wannan 'lafiya lau' da kake rabawa a gari. Wata biyu ke nan ban ga goro a bakinka ba, kai da ko a sahun salla sai an zungure ka. Ka daina tuƙa, Abatcha. Takalminka ka yanke masa baya don ƙafa ta shiga. Wandon da ka kawo na buɗa maka, a aljihunsa na tsinci takardar likita. An ce ka je Damagaram wankin ƙoda tun watan jiya."

Fuskar Abatcha ta canja. Ya ja babbar rigarsa ya rufe ƙafafun. "Tela mai laluben aljihu. Dama an ce sata a jininku take."

"Kaltum ta yi magana ka yi fushi kwana uku. Yayanka ya yi, ka daina zuwa gidansa. To ni ba ka da ikon fushi da ni. Ka tambayi duk tsohon da ka ga dama, daga nan har Chétimari. Babarbaren da ya yi fushi da Bafulatani, shi gari zai yi wa dariya."

Abatcha ya juya yana kallon titi, inda wata kura ke wucewa da buhunan tattasai. Da ya yi magana, muryar ta sauka.

"Ranar da na rufe ƙofata a Baroua, kwana biyu na ce wa Kaltum. Makullin har yanzu yana akwatina. Ni yanzu in na hau mota, ban san mene ne kwana biyu ba."

"Na sani." Laminu ya matso da kujerarsa. "Amma ni ne ubangidanka, kuma ban gama morar ka ba. Wa zai ɗauko mini ruwa in ka lalace? Gobe da safe akwai mota. Ni zan kai ka tasha, in ka ƙi in ɗaure ka da igiyar maraƙi."

Dariya ta ƙwace wa Abatcha, har sai da ya dafe ƙugu. "Ka ga abin da ya sa ba a 'yanta ku. To, na faɗa ramin. Zan je." Ya naɗe kwalin, ya ciro ƙwayar ludo daga aljihu, ya ɗora duka a kan keken ɗinkin. "Riƙe. Kai za ka ja musu wasan Juma'a kafin in dawo. Kada ka cika mini gida da shanu."

Laminu ya buɗe kwalin ya duba. Can ƙurya akwai ɗaki guda da ba a rubuta komai a ciki ba. "Wannan na ƙarshen fa?"

Abatcha ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙofa. "Baroua ce. Ka buɗe ƙofa ka ga kogin Komadugu ya cika, tattasai shanye ja wur, jirage a bakin ruwa, kowa yana gidansa."

"Alamar fa? Dokarka ce."

"Za ka gan ni zaune a bakin ruwa ina yabon Bafulatani. In ka ga haka, ka san ƙarya ce, kada ka shiga."

"Ko rami gaba ɗari ne, in dai kana ciki, zan shiga."

Abatcha ya girgiza kai yana murmushi, ya sa ƙafa waje.

"Shi ya sa nake cewa ba ku da wayo. Sai da safe, ubangidana."