Alhaji Rage-Mini Ya Taya Wutar Dubai

Allah Ya yi gwanaye a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, amma bai yi biyun Alhaji Labaran ba. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi ragi. Shi ya sa 'yan kago, masu aika kaya gida ta jirgi, suka raɗa masa Alhaji Rage-Mini, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce.

Iliminsa guda ɗaya ne, daga kasuwar Kano ya zo da shi a aljihu: ka taya, a ce albarka, ka juya ka kama hanya, kafin ka kai bakin layi a ƙwala maka kira. "Duk mai sayarwa matsoraci ne," in ji shi, yana gyara hular da ta fi kan tsada. "Ƙeyarka yake tsoro, ba fuskarka ba."

Fulat ɗin da sunansa aka kama. Shi da matarsa Nuriyya suna babban ɗaki, sauran an yayyanka da katako an zuba 'yan haya. Nuriyya ce ke riƙe da gidan, da abincin da take dafa wa ma'aikata da firizarta cike da nama. Shi kuma yana riƙe da jawabi.

Ran nan mai kawo tukunyar gas ya hau da ita har sama yana haki. Alhaji ya ƙare mata kallo kamar akuyar layya, ya ce akwai wani kamfani a Muraqqabat da ya fi araha, ya tura ƙofa a hankali. Bawan Allah ya tuna matakalar da zai sake sauka da kaya, ya ƙwanƙwasa. "Khalas, habibi, shi ke nan, na rage, ɗauka." Ragin ko shayi ba zai saya ba.

To, zomo ya kashe giwa! A bakin masallaci an ji labarin, a shagon canji an ji, a cikin jirgin metro har waɗanda ba sa jin Hausa sun ji. Kullum ragin ƙiba yake, har ya zama mai kamfanin ne da kansa ya zo yana hawaye.

Da watan Agusta ya kama, kuɗin wuta ya hau, sai Alhaji ya tara mutanen gida a ɗan lungun da ya rage na falo.

"Jama'a, na gama da masu gas. Saura masu wuta. Sun saba da mutanen da ba su iya ciniki ba. Yau zan rufe asusunmu, mu koma wani kamfanin."

Yunana, ɗaya daga cikin 'yan hayar, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane kamfanin? Ai guda ɗaya ne a garin nan."

"Yaro man kaza! Ai ba sai akwai wani ba. Su dai su ga ƙeyata."

Nuriyya ta ce, "Alhaji, namana fa?"

"Hajiya, kafin ƙanƙararki ta narke, manaja ya hau matakalar nan da ƙafarsa."

Ya danna a waya, ya ce ya bar su. Suka yi masa godiya cikin ladabi, har da fatan alheri. Alhaji ya ce wannan jan aji ne, ya san irinsa.

Washegari da hantsi aka yanke wuta, esi mai sanyaya gidan ya yi tari ɗaya ya cika. Alhaji ya zumbula babbar riga, ya fesa turare saboda manaja, ya ja kujera ya fuskanci ƙofa. Zafin Dubai kuwa ba ya sallama, shigowa kawai yake ya zauna a ƙirjinka. Gumi ya bi ta ƙarƙashin hula ya wanke turaren tas.

Can waya ta yi ƙara. Ya bar ta ta yi ta kuka, kada su ga ya ƙosa. Da ya ɗauka, na'ura ce, tana so ta ji ko ya gamsu da hidimarsu. Ya ce bai gamsu ba, ya yi gyaran murya yana jiran tayi. Ta gode masa, ta kashe.

Yunana ya naɗe katifarsa ya nufi wajen abokinsa, sauran suka bi. Firiza ta fara hawaye, daga hawaye sai wari, warin da har maƙwabta suka leƙo ko an yi rasuwa. Garin neman gira an rasa ido, amma gwaninmu yana kan kujera, yana firfita da hula. "Saura shwaiya, ƙiris ya rage," in ji shi. "Yanzu haka suna taro a kaina."

Nuriyya ta buɗe firiza. Ta zubar da jarinta a leda, ta haɗa tukwanenta, ta yafa mayafi, ta kama matakala, za ta gidan yayarta Fiddausi inda akwai wuta.

Sai ga Alhaji ya zabura, riga ta manne a gadon baya, ya kama ƙarfen matakala yana ƙwala kira. "Hajiya! Dawo mana! Haba Hajiya, tsaya mu daidaita!"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce, "Albarka, Alhaji."

Ashe dai iliminsa bai yi ƙarya ba. Ko a Dubai, wanda ake tsoron rasawa akan kira shi ya dawo. Shi ne dai ba a kira ba.