Ranar da Na Toshe wa Kilim Tiyo

In ka ga dama ka ce ƙarya nake, amma ni ne na yi wa surukina ruwan sama a cikin ɗaki, a Zangon Sokodé, da rana tsaka.

Baba ne zai zo daga Dapaong, mutumin da tun da na auri 'yarsa yake min kallon marar abin yi. Don in burge shi na sayo kilim daga Lome, na'urar sanyaya ɗaki. Damina ce, iska ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Da aka kafa ta, na zagaya bayan ɗakin sai na ga wani ɗan tiyo daga jikinta yana ɗigar da ruwa. Na ce, kai! Sanyina ne ke tsiyayewa waje, kaji na sha a banza?

Matata ta ce, "Maigida, kira mai gyara mana."

Na ce, "Ni da na taɓa kwance injin babur?" Na cusa wa tiyon tsumma, na liƙe da cingam.

Bayan azahar Baba ya iso, ya kishingiɗa a ƙarƙashin kilim, har yana sa min albarka. Barci na ɗaukarsa, kilim ta juye masa duk ruwan da ta tara. Ya zabura yana salati, gemu na ɗiga, yana neman inda rufi ya ɓalle.

Har gobe mahautan unguwarmu Sarkin Ruwa suke kirana. Kwanan baya na buga wa Baba waya na roƙe shi ya sake zuwa. Ya ce, "A'a, yaro. Mu a Dapaong sai mutum ya mutu ake yi masa wanka a kwance."